Rasuwar Hajiya Mai Harshe Uku

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma ƙugu mai ciwo saboda yawon neman magani a kan babur, Malam Armiya'u Shehu na bayan tashar jirgin ƙasa, Kaura Namoda, a madadin mahaifiyarsa Inna Indo da sauran mutanen gidan, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Kaura, Shinkafi da Zurmi rasuwar na'urar bidiyonsa, wadda aka fi sani da Hajiya Mai Harshe Uku. Ta cika ranar Alhamis ta makon jiya, tsakanin azahar da la'asar, a kan teburin Nasidi mai gyaran rediyo a kasuwar Shinkafi, bayan jinyar wata biyar. Shekararta tara a hannun iyalin. Shekarunta na haihuwa kuwa babu wanda ya sani, don takardar da ke manne a bayanta ta goge tun tuni.

Marigayiyar haifaffiyar Japan ce, amma ta Jidda ta biyo ta zo mana. Hayatu, yayan Malam Armiya'u, wanda ya tafi can neman abinci ya zauna yana ɗinki, shi ya saye ta tare da akwatin talabijin ɗan madaidaici, ya ɗaure su da igiya ya ba wani alhaji ya kawo gida, shekara biyu kafin a ba Zamfara jiha. Ba ta yi ɗawafi ba, ba ta hau Arfa ba. Amma ta kwana a sansanin alhazai, ta hau jirginsu, ta sha wahalar awon kaya tare da su, mutanen Kaura kuwa ba su da rowar suna. Tun ranar da aka kwance kwalinta aka ce mata Hajiya, sunan ya bi ta.

Batun harshe uku kuma sai an yi wa wanda bai sani ba bayani, ko da yake Malam Armiya'u ya yi wannan bayani har bakinsa ya gaji. Kaset ɗin bidiyo duk kamarsu ɗaya a ido, baƙaƙe, masu taga biyu. Sai dai kowace ƙasa da irin yadda take ɗaukar hotonta a ciki. Najeriya tana bin tsarin da ake kira PAL. Nijar ta bi Faransa, nasu SECAM. Amurka kuma da nata, NTSC. Na'urorin da suka cika shagunan nan PAL kaɗai suka iya. In ka ba su kaset ɗin Nijar, sai su zubar da launin su ba ka baƙi da fari. In na Amurka ne, abin ya fi muni: hoto ya yayyage ya yi ta birgima sama, murya ta yi nauyi tana ja. Marigayiyar kuwa ba ta taɓa tambayar kaset daga ina ya fito ba. Za ta haɗiye shi da ɗan sautin nan nata, "kwal," ta yi "zuuu" na ɗan lokaci kamar mai tunani, ɗaya daga cikin fitilunta uku ta kama, hoto ya fito tas.

Sau da yawa an sha tare Malam Armiya'u da tambaya. Mutumin Shinkafi da na Maradi Hausa ɗaya suke yi, fura ɗaya suke sha, suna ba juna aure, shanunsu ma ba su san inda iyaka take ba, to don me kaset zai ƙetare ya rasa launinsa? Da farko yakan tsaya ya zana musu a ƙasa da tsinke. Daga baya ya koma cewa kawai manyan da suka zauna suka raba abin ba su shawarce shi ba, kuma da alama su ma ba su shawarci juna ba.

Ta yi aiki, wannan kowa shaida ne. A rumfar kwano da Malam Armiya'u ya kafa kusa da tasha, mai benci goma sha ɗaya, ta yi shekara biyar da 'yan watanni ba ta taɓa cewa yau ba ta iyawa ba. Fatake masu zuwa Maradi su ke kawo kaset ɗin kokawa. A sauran gidajen kallo 'yan kokawar duk launin toka suke fitowa, ba ka bambance wanda aka kayar sai ya tashi. A wajenta kuwa har jajayen layun da ke damtsensu kana gani. Mutane daga Banga da Ɗan Isa sukan bar gona da wuri don su samu gaba. Ranar da aka yi shagalin samun jiha, wani ya ɗauko taron a kaset, ta nuna shi sau ba adadi, har masu kallo suka haddace inda wani tsoho ke faɗowa daga kan jaki suna fara dariya tun kafin a zo wurin.

Da Shari'a ta zo aka ce a rufe gidajen kallo, ba ta yi gardama ba, Malam Armiya'u ma bai yi ba. Ya sayar da bencinan ga wata makarantar Islamiyya, ya koma awon gero a kasuwa. Ita kuma ta ɗan taɓa kaset ɗin wa'azi na wasu watanni, ta nuna su da irin ladabin da take nuna kokawa, ba ta fifita wani a kan wani ba. Daga nan ta yi ritaya ta koma ɗakin Inna Indo, inda babban aikinta yake tun da farko.

Ga yadda wannan aiki ya samo asali. Shekara guda bayan samun jiha, alhazai suka dawo da wani kaset daga Hayatu. Da kyamarar maigidansa aka ɗauka, ita kuwa daga Amurka aka sayo ta, saboda haka a duk faɗin Kaura babu na'urar da ke iya karanta shi sai Hajiya. Minti goma sha takwas ne. Hayatu na zaune a kujera da farar jallabiya da koriyar hula, keken ɗinkinsa a bayansa, ya ƙara ƙiba. Bai san yadda ake magana da kyamara ba, sai ya yi yadda aka saba a kaset ɗin rediyo da ake aika wa gida: ya gaida mutum, ya yi shiru ya ba shi wuri ya amsa, sannan ya ci gaba. Haka ya gaida uwarsa gaisuwa bakwai, kowace da shirunta. Da shekara ta zagayo, alhazai suka dawo da labari maimakon kaset. Zazzaɓi ne na kwana huɗu, an rufe shi can. Babu gawa, babu kabarin da za a nuna wa tsohuwa, sai minti goma sha takwas ɗin nan.

Hayatu ɗan fari ne. Inna Indo ba ta taɓa kama sunansa ba tun ranar da aka raɗa masa shi. Yana yaro "wancan" take cewa, da ya tafi ya zama "na Jidda," da ya rasu ma bai tashi daga na Jidda ba. Ba wai ba ta san ya rasu ba. Ta karɓi gaisuwa, ta yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, ba a ga hawayenta ba. Amma kowace Juma'a bayan la'asar sai ta share ɗaki, ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ta sake zane, ta zuba garwashi a kasko ta barbaɗa turaren wuta, ta tura kaskon ƙarƙashin teburin da Hajiya ke kai. Ta ce ba a tarbar baƙo a ɗaki mai warin daddawa. Sannan a kira Malam Armiya'u ya sa kaset. In babu wuta ya jawo janareta. Hayatu ya gaishe ta, ta amsa, ya sake gaishe ta, ta amsa. Shirun da ya bari daidai amsarta yake, ba ragi ba ƙari, kamar ya auna da abin awon ɗinkinsa. Shekara shida ana haka.

Gaskiya ita ce Malam Armiya'u ya gaji da Juma'ar nan tun a shekara ta biyu. Lokacin rumfa, shi ke kwance wayoyi ya ɗauko na'urar a ka ya kawo gida ya mayar. Ba ya zuwa ɗaurin aure mai nisa ran Juma'a, ba ya kwana Gusau ran Alhamis. Ya san kowane tari da ɗan uwansa ya yi a kaset ɗin, ya san inda ƙuda ke sauka a kan hular. Yakan zauna bakin ƙofa yana kallon ƙasa har a gama. Bai taɓa fasawa ba dai, ko sau ɗaya.

Kada a ce bai yi tunanin gaba ba. Ya taɓa aro wata na'ura ya haɗa su da waya don ya kwafi kaset ɗin, abin da ya fito zane-zane ne kawai kamar tabarmar kaba, domin mai kwafar ba ta jin abin da Hajiya ke faɗa mata. An gaya masa akwai wani a Kano mai injin da ke juya kaset daga tsarin wata ƙasa zuwa na wata, kwana biyu ya gama. Ya je wa Inna da maganar sau uku. A na ukun ta ɗago ta dube shi.

"Ya tahi sau guda bai komo ba," ta ce. "Ba shi ƙara hita garin ga."

Daga ranar bai sake tayar da zancen ba, ita kuma ta koma ajiye kaset ɗin a cikin kwallarta, ƙarƙashin zannuwa.

Ciwon ajali ya fara ne da damina. Farin yayyafi ya riƙa bayyana a ƙasan hoto, ya hau har gwiwar Hayatu, ya kai ƙirji. Malam Armiya'u yakan buɗe murfin ya goge kan da ke karanta kaset da farar takarda da ɗan sifirit, ta warware mako guda, ciwo ya dawo. Sautinta ya sauya. "Zuuu" ɗin nan mai daɗi ya koma "ƙirr, ƙirr," in tana mayar da kaset baya kuwa sai ta yi nishi ta tsaya a hanya ta huta. Ta fara tauna zaren kaset. Ta cinye na wa'azi guda biyu, ta cinye kokawa guda, amma a rubuta mata wannan cikin kyawawan halayenta: ko a mafi tsananin ciwo ba ta taɓa sa wa kaset ɗin Hayatu haƙori ba.

An nemi magani. Wani mai gyara a Kaura ya sauya mata roba ya ce ta warke. Wani a Zurmi ya hura mata iska da baki, ya buge ta a gefe da tafin hannu, ya ce aljanun wuta ne. Kowace tafiya Malam Armiya'u yakan naɗe ta da bargo ya ɗaure a bayan babur, ya bi ramukan hanya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, ya dawo kafin Juma'a. A ƙarshe aka ce ya gwada Nasidi na Shinkafi, wanda ya yi koyon aiki a Kano kuma ba ya duka.

Nasidi ya kwance ta gaba ɗaya, abin da babu wanda ya taɓa yi. Da ya ɗaga ƙarfen da ke rufe cikin sai ya tsaya, ya sunkuya ya shinshina. Ya sa yatsa ya dangwalo wani abu ja-ja mai danƙo, wanda ya lulluɓe kan da ƙafafun da komai.

"Malam Armiya'u, wagga a masallaci taka kwana?"

"Mi kag gani?"

"Turare nig gani. Hayaƙi nai ya shiga ya daskare, shekara da shekaru. Ya cinye kan. In wanke dai in wanke, amma ba ta tashi, kuma irin kan nata ko Kano ba ka samu nai yanzu."

Ya wanke ɗin, don a fita haƙƙi. Ya mayar da komai, ya sa mata wuta, ya ba ta wani tsohon kaset na gwaji. Ta karɓa a hankali. Ta ce "kwal," ta ce "ƙirr," fitilun nan uku suka kama gaba ɗaya, abin da ba su taɓa yi ba, sannan suka mutu. Nasidi ya zare waya ya ce sai haƙuri.

Malam Armiya'u ya ɗauro ta ya kamo hanyar Kaura. Bai yi fushi ba, ƙarfin fushin ma babu. Shi da ya yi shekaru yana zargin ƙura da zafi da wutar da ke zuwa da ƙarfi, ashe abin a gabansa ake yi kowane mako, shi ne ma wani lokaci ke miƙo garwashin. Kafin ya iso gida ya yanke shawara. Ya gaya wa Inna tsufa ne. Ta ce Allah Sarki, ta tambaye shi ko ya ci abinci.

Washegari Juma'a. Da hantsi ya ga Inna ta fito da tsintsiya, sai ya hau babur ya nufi Zurmi wajen abokinsa Sanda, wanda ya sayi sabuwar na'ura bara. Sanda ya rantse tana cin kowane irin kaset, hujjarsa kuwa akwai hoton duniya a jikin kwalin. Malam Armiya'u ya juya bayanta ya karanta, ya ga PAL kaɗai aka rubuta. Ya sani sarai. Ya ɗauko ta duk da haka, domin ya rasa yadda zai shiga ɗakin nan hannu biyu.

Bayan la'asar ya haɗa wayoyi ya sa kaset. Hayatu ya fito launin toka, koriyar hular ta zama fara, fuskar ta rabe biyu tana hawa sama tana dawowa ta ƙasa. Da ya buɗe baki sai wata murya mai nauyi ta fito, a hankali, irin ta dattijon da ya haura saba'in. Malam Armiya'u ya miƙa hannu zai kashe. Inna ta ce ya bari.

"Inna, an kwan lahiya?" in ji muryar Hayatu.

"Lahiya lau," ta ce.

Sai shiru ya ci gaba. Na'urar Sanda tana jan kaset ɗin ƙasa da saurinsa, shirun da ya saba ƙarewa tare da amsarta yanzu ya yi saura. Ta gama, shi bai fara ba. Ta gyara zama. Ya tambaye ta gajiya, ta ce babu gajiya, aka sake barin ta da sauran shiru, tana kallon hoton da ke birgima. Haka har gaisuwa ta bakwai.

"Inna, ina haƙuri da mu?"

"Da godiya," ta ce. Shirun ya tsaya yana jira. Malam Armiya'u yana bakin ƙofa yana kallon ƙasa ya ji ta ja numfashi. "Hayatu," ta ce. "Allah shi jiƙan ka, Hayatu."

Shekarar Malam Armiya'u arba'in da ɗaya a duniya, bai taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Ya ji tausayinta, ya ji kunya kamar ya leƙa abin da bai kamata ya gani ba, ya rasa inda zai sa idonsa. Ita kuwa ta bari kaset ɗin ya kai ƙarshe, sannan ta ce a fitar da shi. Ta riƙe shi ɗan lokaci a cinya, ta goge tagoginsa da bakin zane. Ta ce a mayar wa Sanda kayansa da godiya, kada a sake aro na kowa, shi kuma wannan a sa shi kwali ɗaya da Hajiya tunda ita kaɗai ke jin maganarsa. Ta ce na Jidda ya gaji, ita ma ta gaji.

Marigayiyar ta rasu ta bar abokin zamanta, akwatin talabijin da suka zo tare daga Jidda, wanda ke gane duk abin da ta miƙa masa amma bai iya karanta komai da kansa ba, yanzu yana zaune yana kama tasha ɗaya da ƙyar. Ta bar rimot guda, ɗaure da roba, wanda rabin maɓallansa suka riga ta tafiya. Ta bar kaset ɗin kokawa goma sha bakwai da babu mai sake ganin launinsu a garin nan. Ta bar Malam Armiya'u, wanda ya yi shekara shida yana fatan ya samu Juma'arsa, ga shi ya samu, jiya an gan shi yana tambayar mutane ko akwai ɗaurin aure a wani wuri mai nisa.

Game da jana'iza, an tuntuɓi limamin unguwa. Ya ce ƙarfe ba a yi masa salla, ba a roƙa masa gafara, sannan ya daɗe yana duban Malam Armiya'u ya tambaye shi ko yana samun barci. Saboda haka ba za a yi ko ɗaya ba. Wanka Nasidi ya riga ya yi mata da sifirit. Za a naɗe ta da ƙyallen nan mai surfani da ake rufe ta da shi, a sa ta cikin kwalinta na asali tare da kaset ɗin, a ɗaure da igiyar da Hayatu ya ɗauro ta da ita, wadda Inna ta fito da ita daga kwalla ba wanda ya san tana ajiye. Makwancinta ƙarƙashin gadon Inna ne, ta wajen kai.

Ana roƙon masu sayen tsofaffin ƙarafa kada su wahalar da kansu. Masu tallan sababbin na'urorin faifai su ma an gode, an ji suna da kyau, amma ba su da bakin da kaset zai shiga. Wanda ya san mutumin Kano mai injin juyawa ya riƙe adireshinsa, an daina nema.

Za a zauna karɓar gaisuwa ranar Juma'a mai zuwa bayan la'asar, a ɗakin Inna Indo, domin lokacin ne ya zama fili. Ba a bukatar goro ko abinci. Mai zuwa ya zo da gaisuwarsa kawai, ya yi ta a hankali, ya bar wa tsohuwa wuri ta amsa. Abu ɗaya iyalin ke roƙo da babbar murya: Inna ba ta karatun boko, ba ta san abin da ke cikin takardar nan ba, don haka duk wanda ya shiga ɗakin, in an tambaye shi, tsufa ne ya kashe Hajiya. Zai tarar an share ɗaki an shimfiɗa tabarma, kasko yana ƙarƙashin tebur inda ya saba. Turaren ya ƙare ran Talata, Malam Armiya'u ya je kasuwa da kansa ya sayo mata wani.